Sverre na Norwe: ɗan sarki ne ko sojan gona?

Malam Sabo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wannan makon arewacin Turai za mu leƙa, ƙasar Norwe. Akwai wani gidan sarauta da ya riƙe ƙasar daga 1184 zuwa 1319, ana ce masa gidan Sverre. Shi Sverre ɗin a tsibiran Faro ya tashi, can tsakiyar teku tsakanin Norwe da Aisilan. Kowa ya san shi a matsayin ɗan Unas, wani mai sana'ar sassaƙa mataji. Yana ɗan shekara 5 aka kai shi hannun Bishop Roe, aka sa shi karatun limancin coci. Sai da ya zama cikakken mutum sannan mahaifiyarsa Gunnhild ta zaunar da shi ta ce ai Unas ba ubansa ba ne, ubansa Sarki Sigurd Munn ne, wanda aka kashe a Bergen tun 1155. Da wannan magana guda ya hau jirgin ruwa ya nufi Norwe a 1176, ba dukiya, ba runduna. Bayan shekara 8 babu wani sarki a ƙasar sai shi. To, ɗan sarki ne da gaske, ko kuwa sojan gona ne da ya taki sa'a? Ni dai ban gamsu da nasabar ba, amma ina son jin ta bakinku.

Barista Kabiru: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Da a kotu ne, wannan ƙara ba za ta kai azahar ba. Shaida ɗaya ce tal, uwa, kuma ɗanta ne zai ci moriyar maganar. Wanda ake jingina wa ɗan ya shekara 20 a kabari, ba halin a tambaye shi. Sannan labarin ma daga bakin wa ya iso mana? Karl Jonsson, shugaban wani gidan ruhubanawa a Aisilan, shi ya rubuta kashin farko na tarihin Sverre, kuma gabatarwar littafin da kanta ta nuna cewa Sverre na zaune a kansa yana zaɓar abin da za a rubuta. Ga kuma lissafin shekaru. Dokar coci ta lokacin sai mutum ya cika 30 ake naɗa shi limami. In har an naɗa shi kafin ya bar Faro, haihuwarsa ta faɗa wajen 1145 ke nan. Sigurd Munn kuwa a 1133 aka haife shi. Yaro ɗan shekara 12 ya haifi ɗa?

Nura Damagaram: Barista, a yi mana sassauci. Dokar shekara 30 a takarda take. Tsibirin da ke ƙarshen duniya, limamai ba yawa, bishop kuma shi ya rene shi, me zai hana a ɗaga masa ƙafa? Tarihin nasa cewa ya yi yana da shekara 24 lokacin da anka faɗa masa, wato haihuwar wajen 1151, Sigurd na da 18. Wannan ba abin mamaki ba ne, don an san Sigurd da 'ya'ya daga mata daban-daban. Kuma kada a manta da Cecilia, 'yar Sigurd Munn da ba wanda ke shakkar nasabarta. Ta karɓi Sverre a matsayin ɗan uwanta a gaban kowa.

Barista Kabiru: Ta karɓe shi, gaskiya ne, amma ka dubi halin da take ciki. Maƙiyan ubanta ne suka aurar da ita ga Folkvid a Varmland ta ƙasar Suwidin ba da son ranta ba. Tasowar Sverre ce ta ba ta damar barin auren ta dawo gida ta auri Bard Guttormsson, babban bafade kuma na hannun daman Sverre. Shaidar mai buƙata ce. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun Eirik. Shi ma ya zo a 1181 yana cewa ɗan Sigurd Munn ne, ya nemi a bar shi ya ɗauki ƙarfe mai zafi don ya tabbatar. Sverre ya ce to a sa a cikin rantsuwar cewa shi ɗan uwan Sverre ne, don gwajin ya wanke su su biyu. Eirik ya ƙi, ya ce nasabar kansa kaɗai zai ɗauki ƙarfe a kai. Mutumin da ya yarda ya sa hannunsa a wuta don ubansa, ya ƙi sa shi don Sverre. Shi kuma Sverre har ya mutu bai taɓa ɗaukar ƙarfen ba.

Ummi Jos: Don Allah a yi mini bayani, ni sabuwa ce a wannan fagen. Wane irin ɗaukar ƙarfe ne wannan? Hannu biyu za a riƙe shi ko yaya?

Yohanna Wusasa: Ƙanwata, gwaji ne da suke ɗauka hukuncin Allah ne. Mai da'awa zai yi azumi da addu'a na 'yan kwanaki a ƙarƙashin kulawar limamai. Ran gwaji a gasa ƙarfe a wuta, limami ya yi masa addu'a, mutum ya ɗauka da hannu ya yi 'yan takawa da shi ya yar. Nan take a naɗe hannun da tsumma a ɗaure. Bayan kwana 3 a kwance a gaban shaidu. In ƙunar ta kama hanyar warkewa ba ruɓa, an gaskata shi. In ta yi mugunya, maƙaryaci ne. Kin ga ke nan hukuncin na hannun masu duba ciwon. Akwai wanda ya fi wannan tsanani. Harald Gille, uban Sigurd Munn, daga Ailan ya zo yana cewa shi ɗan wani tsohon sarkin Norwe ne mai suna Magnus, sai da ya taka bakin garma 9 da aka gasa, ƙafa ba takalmi. Da sarkin lokacin, wani Sigurd daban wanda ya je yaƙi har Ƙudus, ya mutu a 1130, Harald ya kama ɗan marigayin, shi ma Magnus, aka ƙwaƙule masa idanu aka dandaƙe shi a 1135. Daga nan ƙasar ta shiga yaƙin basasa na shekara 110, sai a 1240 ƙura ta lafa.

Baba Ilu: Yara, ku lura da tushen rikicin. A tsohuwar al'adarsu duk ɗan da sarki ya haifa yana da haƙƙin gadon sarauta, ko uwarsa matar aure ce, ko ƙwarƙwara, ko wadda aka haɗu da ita dare ɗaya a kan hanyar yaƙi. A wurinmu ma ɗan ƙwarƙwara yana sarauta, ba abin kunya ba ne, amma uwarsa tana cikin gida, kowa ya san ɗakinta, an yanka masa rago an raɗa suna. Su kuwa ƙofar a buɗe suka bar ta har ga wanda ba a taɓa jin labarinsa ba. Kowane sarki ya mutu sai 'ya'ya su riƙa ɓullowa daga tsibirai. To ina zaman lafiya?

Yohanna Wusasa: Baba ya taɓo inda coci ta shigo. Akbishop (wato babban bishop) Eystein na Nidaros, garin da yanzu ake kira Trondheim, ya so ya rufe wannan ƙofa. Ya haɗa kai da Erling Skakke, wani bafade mai ƙarfi da ke auren Kristin 'yar Sarki Sigurd na Ƙudus. Aka ɗora Magnus, ɗan Erling da Kristin, a kan sarauta a 1161 yana ɗan shekara 5, aka sa masa kambi a Bergen, aka kuma yi doka cewa ɗan aure ne ke gado, kuma sarki ɗaya a lokaci ɗaya. Aibin Magnus a idon mutane shi ne ubansa ba sarki ba ne, ta wajen uwa ya samu jinin. Wannan ɓaraka Sverre ya bi ya shiga. Ni a ganina dokar da Eystein ya kawo ita ce mai hankali, Sverre ya mayar da hannun agogo baya, ya jawo wa talakawa ƙarin shekaru na zubar da jini.

Nura Damagaram: Yaya Yohanna, dokar ta yi kyau a baki, amma wa ya ci amfaninta? Erling ne ke mulki da sunan yaro, kuma duk wanda ke da jinin Harald Gille sai ya bi shi ya kashe. Har ɗan matarsa Kristin, wanda ta haifa wa Sigurd Munn, bai bari ba. Ku dubi mutanen da Sverre ya samu a 1177. Ragowar 'yan tawayen Birkebeiner ne da anka fatattaka a Re anka kashe shugabansu, mutum wajen 70, talauci ya sa suna ɗaure ƙafafunsu da ɓawon itace. Da waɗannan ya ratsa dazuzzuka da duwatsu cikin dusar ƙanƙara. Bai yi yaƙi irin na sarakunan lokacin ba, waɗanda ke jera runduna su tsaya a sahun gaba. Shi kan raba mutanensa ƙungiya-ƙungiya, ya hau doki yana zagayawa yana ba da umarni, ya faɗa wa abokin gaba inda bai zata ba. A 1179 ya kashe Erling a Kalvskinnet, bakin Nidaros. A watan Yuni na 1184 sunka haɗu da Magnus a ruwan Fimreite. Jiragen Magnus sun fi yawa, amma a cunkushe suke wuri ɗaya. Mutanen Sverre sunka dinga share su ɗaya bayan ɗaya, masu gudu na tsallakawa daga wannan jirgi zuwa wancan, har na ƙarshe ya yi nauyi ya nutse da su, Sarki Magnus na ciki. Ɗan mai mataji zai iya wannan?

Barista Kabiru: Ƙwarai kuwa zai iya. Basira ba gadon fada ba ce, Nura. Wannan hujjar taka ma ni take taimaka wa, don 'ya'yan sarakunan da aka tabbatar da su ba wanda ya yi rabin abin da ya yi.

Malam Sabo: Ni ma nan na tsaya. Ina shakkar nasabarsa, ba na shakkar cancantarsa. Akwai wani jawabi da ya yi a Bergen a 1186 bayan mayaƙansa sun bugu sun yi faɗa har an rasa rayuka. Ya gode wa fataken Ingila da ke kawo alkama da zuma da tufafi, ya yi tir da Jamusawa masu kawo giya su kwashe man shanu da busasshen kifi, sannan ya lissafa wa jama'arsa ɓarnar shaye-shaye ɗaya bayan ɗaya, daga asarar dukiya har ta hankali. Mutum ne da ya san me ake nufi da riƙon jama'a. Amma bai huta ba ko kaɗan. Akbishop Eirik ya gudu Danmak a 1190, Fafaroma ya kori Sverre daga coci a 1194, Bishop Nikolas Arnesson ya tayar masa da rundunar Bagler a 1196. Da takobi a hannu ya ƙare mulkinsa, ko da yake a kan gadonsa ya mutu a Bergen a watan Maris na 1202, bayan ya yi wa ɗansa Hakon wasiyyar ya sasanta da coci.

Hajiya Binta: Sallama gare ku. Tun ɗazu nake karantawa, kuma akwai abin da ke damuna. Ana ta auna mazan, wannan jarumi ne, wancan mai dabara ne, alhali gidan nan kaf a kan maganar mata biyu ya tsaya. Ta farko Gunnhild, kun gama da ita. Ta biyu Inga ta Varteig, ba wanda ya ambace ta. Hakon ɗan Sverre bai cika shekara 2 a sarauta ba ya mutu ranar 1 ga Janairu 1204, har aka zargi matar ubansa, Margareta 'yar sarkin Suwidin, da sa masa guba. Bai yi aure ba. Bayan mutuwarsa Inga ta haifi ɗa namiji a yankin da ke hannun Bagler ta ce nasa ne, shi ma sunansa Hakon. Ku yi tunanin mace da jariri a tsakiyar maƙiyan da in sun ji labari za su yanka shi. A hunturun 1206 aka gudu da yaron, guguwar ƙanƙara ta tare su a Lillehammer, sai mutum biyu da suka fi kowa iya zamiya a kan ƙanƙara, Torstein Skevla da Skjervald Skrukka, suka rungume shi suka haye duwatsu da shi. Har yau ana tseren tunawa da wannan tsakanin Rena da Lillehammer, kilomita 54, kowa da jaka mai nauyin kilo 3.5 a baya a madadin jaririn. Maza biyun ake tunawa. Ita kuwa uwar, da aka naɗa ɗanta sarki a 1217 yana ɗan shekara 13, manya suka ce ba su yarda ba, sai ta ɗauki ƙarfe. A Bergen a 1218 ta ɗauka, a gaban bishop-bishop da fadawa. Abin da Sverre bai yarda ya yi wa kansa ba, ita ta yi wa jikansa da tafin hannunta.

Yohanna Wusasa: Hajiya ta yi gaskiya, kuma akwai abin da ya ƙara wa lamarin ciwo. Babban taron coci da aka yi a Rum a 1215 ya riga ya hana limamai sa hannu a irin wannan gwaji. Shekara 3 bayan hani aka sa ta ta yi. Ba a daina shi a Norwe ba sai a 1247, lokacin da Kadinal William na Sabina ya zo naɗa wa ɗan nata kambi.

Ummi Jos: Anti Binta, su wa suka matsa sai ta yi? Bagler ɗin ne?

Hajiya Binta: A'a 'yata, na cikin gida ne. Bayan mutuwar Hakon ɗan Sverre da wani ƙaramin jika da bai daɗe ba, sarauta ta koma hannun Inge, ɗan Cecilia da Bard ɗin nan da Barista ya ambata, kuma a fadarsa yaron ya tashi. Inge na da ƙane da suke uba ɗaya, Skule, wanda ke ganin shi ya kamata ya gaji wansa. Da bai samu ba aka bar masa sarautar jarl, mafi girma bayan ta sarki, da kashi ɗaya cikin uku na ƙasar, shi ke riƙon mulki har yaron ya girma. Aka yi taro a Bergen a 1223 aka sake tabbatar wa Hakon. Don a ɗinke ɓaraka aka aura masa Margrete 'yar Skule a 1225. Wannan baiwar Allah ita nake tausaya wa fiye da kowa. Shekara 14 tana tsakanin miji da uba, kowa da fadawansa masu kai gulma su kawo. Aka ƙara wa Skule girma a 1237, bai isa ba. A ƙarshen 1239 ya sa aka naɗa shi sarki a Nidaros. Hakon ya karya shi a Oslo, ya gudu ya ɓuya a gidan ruhubanawa na Elgeseter, mutanen sarki suka cinna wa gidan wuta, ya fito suka kashe shi a watan Mayu na 1240. An kashe ɗansa Peter shi ma. Uba da ɗan uwa a hannun mutanen mijinta, kuma ta ci gaba da zama a gidan har mijin ya mutu bayan shekara 23.

Baba Ilu: Allah ya kyauta. Sarauta ba ta san suruki ba. Ko Snorri Sturluson, marubucin tarihin sarakunan nasu, kusancinsa da Skule ne ya ja aka bi shi har gidansa a Reykholt ta Aisilan aka kashe shi a 1241.

Barista Kabiru: Ga inda nake so Nura ya duba. Shi wannan Hakon, wanda ba ɗan aure ba ne, sai da ya nemi Fafaroma ya yafe masa wannan tabo kafin a sa masa kambi. Yana da babban ɗa, Sigurd, da ya haifa kafin aure, ya tsallake shi ya zaɓi 'ya'yan Margrete. A 1260 kuma ya yi doka cewa babban ɗa na aure shi ke gado. Wato jikan Sverre ya dawo kan abin da Akbishop Eystein ya nema tun farko. Da a ce tsohuwar al'adar mai kyau ce, da bai toshe ta da hannunsa ba.

Nura Damagaram: Na ji, amma wa ya iya tsayar da dokar ta zauna? Erling ya gwada da kisa ya kasa. Gidan Sverre ne ya samu ƙarfin da dokar ta yi aiki. Ku dubi Norwe a zamanin Hakon. Ya gina babban zauren dutse a Bergen wanda ke nan har yau, Girinlan ta bi shi a 1261, Aisilan ta fara mubaya'a a 1262. Ɗansa Magnus ya haɗa dokokin larduna ya yi wa ƙasa duka doka ɗaya a 1274. Ga wani abu da zai ba ku sha'awa. A 1262 Hakon ya aiki bafadensa Lodin Lepp zuwa Tunis da kyautar shahuna ga sarkin can, al-Mustansir na gidan Hafsawa. Shi wannan al-Mustansir ɗin, Ibn Khaldun ya kawo cewa a 1257 sarkin Kanem ya aika masa da kyautai har da raƙumin dawa, mutanen Tunis sunka yi ta tururuwar kallo. Fada ɗaya, tsakanin shekara 5, ga manzanni daga bakin tafkin Chadi, ga na jikan Sverre daga ƙasar ƙanƙara.

Malam Sabo: Madalla da wannan, Nura. Sai dai a cika lissafin. Shi Hakon ɗin ya fita da jirage a 1263 don kare tsibiran yammacin Sikotlan, aka yi arangama a Largs ba wanda ya yi nasara ƙarara, ya juyo ya mutu a Kirkwall ta Orkney a watan Disamba. A 1266 ɗansa ya sallama wa Sikotlan tsibiran Hebrides da Man a kan mak 4,000, kuɗin azurfa na lokacin, da mak 100 duk shekara.

Ummi Jos: To yaya gidan ya ƙare? Wani ne ya ƙwace?

Hajiya Binta: Ba wanda ya ƙwace, 'ya'ya maza ne suka yanke. Kuma nan ma matan za ki bi ki gane. Kristina 'yar Hakon an kai ta Sifaniya ta auri Felipe ƙanen Sarki Alfonso na Kastila a 1258, ta mutu a Ishbiliya a 1262 ba ɗa ba jika, kabarinta na Covarrubias. Jikan Hakon, Sarki Eirik, 'yarsa Margrete ita ce magajiyar sarautar Sikotlan ta wajen uwa, aka sa ta a jirgi tana 'yar shekara 7, ta mutu a Orkney a 1290 ba ta taka ƙasar da za ta mulka ba. Ƙanen Eirik, Hakon na biyar, wanda ya mayar da fada Oslo ya gina ganuwar Akershus, shi ma bai samu namiji ba. Ya aurar da 'yarsa Ingebjorg a 1312, tana da shekara 11, ga Erik ƙanen sarkin Suwidin. A Disambar 1317 Sarki Birger ya gayyaci ƙannensa biyu, Erik da Valdemar, liyafa a Nykoping, ya sa aka kama su cikin dare aka jefa kurkuku, can suka mutu a 1318. Ta zama bazawara tana da shekara 17 da 'ya'ya biyu. Da ubanta ya mutu a 1319, ɗanta Magnus mai shekara 3 ya zama sarkin Norwe da Suwidin gaba ɗaya, ɗan 'yar sarki, irin nasabar da Sverre ya ce ba ta isa ba har ya yaƙi wancan Magnus ɗin a kanta. Ingebjorg ta so ta riƙe wa ɗanta mulki da kanta, manyan Suwidin suka ture ta gefe a 1322, na Norwe suka bi sahu a 1323. Malam Sabo, ina roƙon mako mai zuwa a ɗauko gidan su Birger ɗin nan na Suwidin, a fara daga liyafar Nykoping, don ina da tambayoyi a kan matarsa Marta da rawar da ta taka a daren.